Ɗan Gida Ko Baƙo? Jinyar Mai Zuwa Ganin Gida Da Wanda Take Wuyansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarrabar bayinSa da cuta, Mai yi musu rahama da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a daminar bara wasu ƴan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka zo mana da wata magana bayan sallar La'asar. Babban ya yi shekara 19 a Faransa yana aikin gini. Ƙaramin tela ne a nan Damagaram, shi ke riƙe da mahaifiyarsu. Babban ya zo ganin gida na wata guda, sai masassarar cizon sauro ta kayar da shi a mako na biyu, ga shi dama yana da ciwon sukari. Ya kwana 12 a asibiti, uku daga ciki bai san wanda ke kansa ba. Katin jinya da ya zo da shi daga can, babu wanda ya karɓe shi a nan. Guzurinsa kuwa ya riga ya ƙare wajen tsaraba da gaishe-gaishen dangi. Ƙanin ya sayar da tumakin mahaifiyarsu, ya jinginar da gonar gado, aka yi magani. Allah Ya tashi kafaɗar marar lafiya, amma zumunci ya kwanta.

Ƙanin yana cewa: "Yaya, ka san kana da ciwo, ka zo ba shiri, ka bar mu da bashi." Yayan yana cewa: "Shekara 19 ina aiko muku, ni na rufa ɗakin Inna da kwano, yau don na kwanta kwana 12 za a yi mini lissafi? Kuma an ce mini in yanki inshorar tafiya, na ƙi, domin na ji malamai sun ce haram ce, na dogara ga Allah."

Mun sulhunta su, alhamdu lillahi. Amma da yake irin wannan ta yawaita a garin da kusan kowane gida yake da ɗa a Kano, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Makka, ko Turai, mun ga ya dace mu shimfiɗa mas'alar a fili. Tambayoyi uku ne a cikinta. Mai zuwa ganin gida ɗan gida ne ko baƙo? Mene ne hukuncin inshora, wadda mu nan muka fi ji da sunan asurans, Larabawa kuma suke ce mata ta'amin? Idan ya kwanta, jinyarsa a wuyan wa take?

MAZAUNI A SHARI'A, MAZAUNI A TAKARDA

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san fiƙihunmu yana da nasa ƙa'idojin zama da tafiya. Wanda ya yi tafiyar mil 48 yana ƙasaru. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika salla. A Muktasar na Shaihu Halilu kuma an bayyana cewa shigar mutum garinsu, ko garin da matarsa da ya tare da ita take, yana yanke ƙasaru ko da bai yi niyyar zama ba. Malamai suka ware hukuncin wanda ya ƙaurace wa zaman gari ya koma wani da zama. Abin lura a nan shi ne Shari'a tana duban niyyar mutum da inda iyalinsa suke. Da wannan ma'auni, ɗanmu da ya sauka a Birni ko Zango ko Garin Malam don ya yi wata guda gaban mahaifiyarsa, mazauni ne tun daren farko.

Hukumomi kuwa takarda suke dubawa, kuma jahiltar wannan ya jefa mutane da yawa cikin wahala. Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar a da ba ta yarda baligi ya nemi zama ɗan wata ƙasa ya kuma riƙe tamu ba. A shekarar 2014 aka gyara ta, aka halatta riƙe biyu. Amma halattawa daban, mallakar takarda daban. Yaron da aka haifa a Jidda ko Turabulus ko Faris, ba a taɓa yanka masa takardar haihuwa ta Nijar ba, bai da katin shaidar ɗan ƙasa, to a bakin iyaka baƙo ne ko da kakansa na cikin waɗanda suka gina ganuwar Birni zamanin Sarki Tanimu. A watan Janairun 2025 kuma aka fitar da sabuwar doka a kan shigar baƙi da zamansu a Nijar, wadda ta tsananta hukunci ga mai zama ba izini. A ranar 29 ga wannan wata ne fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ƴan ƙasashenta damar shiga ƙasashen juna su yi kwana 90 ba biza. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Abin da aka rataya ga sake shawara, mai hankali yakan tambaya kafin ya ɗaura kaya.

Haka kuma can inda ya baro, kwanakinsa ake ƙirgawa. Katin zama na shekara goma a Faransa yana mutuwa idan mai shi ya wuce shekara uku a jere a waje. Mai katin zama a Amurka idan ya wuce shekara guda a waje ba tare da ya nemi izini tun kafin ya fita ba, ana iya ɗaukarsa ya bar zaman. Mai iƙama a Saudiyya da bizar fita da komawa yake fitowa, kuma tana da wa'adi. Cuta ba ta san wa'adi ba. Mutum yakan zo da niyyar wata guda, jinya ta riƙe shi wata takwas, ya warke ya tarar ƙofar abincinsa ta rufe.

KATIN JINYA BA YA ƘETARE IYAKA

Yawancin tsare-tsaren jinya na hukumomi a kan zama aka gina su. A Faransa, tun 2016, duk mai aiki ko mai zama na halal yana da haƙƙin a ɗauke masa wani kaso na kuɗin jinya, amma wanda haƙƙinsa ya rataya ga zama dole ya yi aƙalla wata shida na shekara a ƙasar. Katinsu na ƙasashen Turai ba ya aiki a Afirka. Idan cuta ta afko wa mutum bagatatan a irin ƙasarmu, shi zai biya da kansa, ya adana takardun likita da rasiɗan biya, in ya koma ya nema. Hukumar tana iya mayar masa da wani abu, tana iya ƙi. Wannan ɗan'uwa namu da muka ambata, ko rasiɗi ɗaya ba a ajiye masa ba, domin babu wanda ya san suna da amfani. A Saudiyya doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci baƙo a kamfani ya yi masa inshorar lafiya, amma asibitocin da aka ɗaura ta a kansu na cikin ƙasar ne. A Nijeriya dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, Jihar Kano ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma katinsu asibitocin can yake buɗewa.

A nan gida, hukuma ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa tun 2005, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki tun 2006. Daga 1 ga Satumban 2024 aka rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati da rabi. Wannan sauƙi ne, muna gode wa Allah. Amma magidanci baligi da ya kwanta a babban asibitin ƙasa na Zinder ko wani, takardar magani daga aljihunsa take fita, ko aljihun danginsa. Kuma kada mu manta, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, waɗanda suka saba bin hanyar Matamaye ko Magarya zuwa Kano neman magani sun ɗanɗana kuɗarsu.

Akwai wani abin da likitoci suka tabbatar wanda matafiyanmu ba su cika yarda da shi ba. Wanda ya girma cikin sauro jikinsa yakan sami ɗan juriya ga masassara, amma idan ya daɗe a ƙasar da babu ita, juriyar tana gushewa. Sai ya zo cikin Agusta ko Satumba, ya kwana a tsakar gida ba gidan sauro, yana cewa ai shi ɗan ƙasa ne. Zuciyarsa ta Damagaram ce, wannan gaskiya ne, amma jininsa ya zama baƙo.

HUKUNCIN INSHORA

Maganar da yayan ya ji cewa haram ce tana da asali, sai dai rabinta ya ji. Daga cikin farkon malaman da suka taɓo mas'alar akwai Ibn Abidin na Sham, wanda ya rasu a 1836, a kan kuɗin da fatake ke biya don lamunin kayansu a jiragen ruwa. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna a 1978, ta Jidda kuma a 1985, dukkansu suka rarrabe iri biyu.

Iri na farko shi ne na kasuwanci: ka ba kamfani kuɗi sananne, shi kuma ya yi maka alkawarin abin da ba a san zai auku ko ba zai auku ba, ba a kuma san yawansa ba, abin da ya rage ribarsa ce. Mafi yawan malaman suka hana shi saboda garari, wato jahiltar abin da aka ƙulla ciniki a kansa, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, da kuma abin da ke shiga cikinsa na riba. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa musu, yana ganin abin da ake saye shi ne kwanciyar hankali, ita kuwa sananniya ce tun ranar ƙulla yarjejeniya. Mun ambaci saɓaninsa don a san mas'alar ta ijtihadi ce, kada wani ya fasiƙantar da ɗan'uwansa a kanta.

Iri na biyu shi ne na taimakekeniya, wanda ake kira takaful: jama'a su zuba kuɗi a asusu da niyyar kyauta, wanda musiba ta sama a taimake shi daga ciki, abin da ya rage na asusun ne. Wannan majalisun biyu sun halatta shi, domin garari yana ɓata ciniki ne, a mazhabarmu ba ya ɓata kyauta. Kamfani na farko a kan wannan tsari a Sudan aka kafa shi a 1979. A 2005 kuma majalisar Jidda, a zamanta na Dubai, ta yi hukunci na musamman a kan inshorar lafiya, ta halatta ta idan ta bi ta hannun irin wannan kamfani. Hujjarsu a fili take. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida ta umurce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi ya yi wa Ash'arawa, mutanen Abu Musa, domin idan abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi guda su raba daidai. Shari'a da kanta ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin mai kisan, don kada nauyi ya karya mutum guda.

Saboda haka, abin da hukuma ke cira daga albashi bisa tilas, ko abin da ake haɗawa da kuɗin bizar Umra, babu laifi a kan wanda aka cira wa, kuma halal ne ya amfana da shi. Wanda ya sami takaful, shi ya kamata ya nufa. Wanda bai samu ba, ga shi da ciwo mai nauyi, ga tafiya zuwa inda katinsa ba ya aiki, malamai da dama sun yi masa rangwame gwargwadon buƙata. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da ko ɗaya ba, muna girmama tsantseninsa, da sharaɗi guda: ya ware kuɗin jinya daga guzurinsa, ya ɗaure, kada ya taɓa. Tsantsenin da ƙaninka zai biya kuɗinsa da gonar gado, a sake dubansa.

Game da tawakkali, mun san labarin mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa ɗaurewa da dogaro. Mun san Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka, bai ga hakan gudun ƙaddara ba ne. Annabi Yusufu ya tanadi hatsin shekara bakwai. Babu ɗayansu da tanadi ya rage wa imani.

JINYAR A WUYAN WA TAKE?

A nan ne mas'alar ta fi zafi, domin kowane ɗaya daga cikin ƴan'uwan nan biyu yana da gaskiya a hannunsa. A mazhabar Imamu Malik, ciyarwa ta wajibi saboda dangantaka ta tsaya a kan iyaye matalauta da ƴaƴa. Alƙali ba ya tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa. To, abin da yayan ya yi shekara 19 yana aikowa, na mahaifiya wajibi ne ya sauke, na ƙani kuwa kyauta ce da sada zumunci. Ladarsa tana wurin Allah. Ba ajiya ba ce da zai zo ya ce a ba shi, sai fa in ya faɗa tun farko cewa ajiya ce. Abin da ƙanin ya kashe kuma, malamanmu sun ce wanda ya ciyar da baligi yana da damar neman a mayar masa, sai in da niyyar sada zumunci ya yi. Tumakin kuwa na mahaifiya ne, gonar ta magada ce duka, har da ƴan'uwansu mata da ba a shawarta ba saboda gaggawa. Da yake yayan yana da abin hannu a can, muka ce ya fanshi gonar, ya mayar da tumakin, ƙanin kuma ya yafe wahalarsa da abin da ya fita daga aljihunsa. Haka aka yi.

Amma wani zai ce: Malam, wannan ba ƙididdigar Turawa kuke shigo mana da ita ba? Da can wa yake lissafi da ɗan'uwansa a kan gadon asibiti? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Lalle ranar da ɗan'uwa zai tsaya tambayar kati kafin ya ɗauki ɗan'uwansa zuwa likita, ranar mun yi hasarar abin da ya fi gona. Ceton rai wajibi ne a kan duk wanda ya sami iko, dangi ne ko ba dangi ba. Sai dai mu dubi abin da idonmu ke gani. Rashin shiri ne ya kawo lissafi tsakanin waɗannan biyu. Da yayan ya zo da tanadinsa, da ƙanin ya yi jinyarsa da jikinsa da daren da ya hana idonsa barci, babu bashi, babu gori. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga muminai masu ƙaunar juna ta sauka. Tsari yana tsare zumunci.

Su ma mutanen gida akwai nasu. Mun mayar da mai zuwa daga waje kamar rumbu: kowa da buhunsa, ba mai tambayar abin da zai rage masa. Sai ya ji kunyar ware kuɗin magani alhali gwaggo tana jiran turmin atamfa. Allah Ya sanya ɗan tafarki cikin masu cin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ko da mawadaci ne a inda ya fito, idan guzuri ya yanke masa bai sami mai ranta masa ba. Abin kunya ne a ce mu muka yanke wa ɗanmu guzuri a cikin gidan ubansa.

WAƊANDA BA SU DA KATI KO ƊAYA

Duk abin da muka faɗa na kati da kamfani, kaɗan ne daga matafiyanmu ya shafa. Mafi yawansu leburori ne a Libiya da Aljeriya, da masu ƙananan sana'o'i a Nijeriya, ba takarda, ba albashi sananne. Mun ga yadda dubbai suka dawo hannu wofi lokacin yaƙin Libiya a 2011. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013 ba, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Irin waɗannan sukan dawo da tari, ko karaya, ko ciwon ƙoda, kuma babu wata hukuma a bayansu.

Maganinsu yana cikin abin da muka gada. Zamanin da ayari ke tasowa daga Turabulus ta Agadas ya sauka a Zango, kowane falke yana da mai masauki da ke riƙe masa kaya, ya tsaya masa in ya kwanta. Matanmu har yau suna adashi. Abin da muke kira gare shi shi ne kowace unguwa, ko kowane babban gida, su kafa asusun jinya a kan tsarin Ash'arawa: na waje ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, na gida ya zuba nasa ko dala ashirin ce, da niyyar sadaka. A rubuta sharuɗɗa: wa ake taimaka wa, a kan wace irin cuta, har zuwa nawa. Amintattu uku su riƙe, a karanta lissafi gaban jama'a bayan kowace Salla, kada a ranta kuɗin ga mai biki ko mai fatauci. Limami ya zama shaida, kada ya zama ma'aji, domin tsare mutuncin masallaci.

Ga mai niyyar zuwa gida kuma, muna yi masa nasiha da ya tambayi hukumar jinyarsa abin da take ɗauka in ya fita, ya duba wa'adin takardunsa na can da na nan, ya yanka wa ƴaƴansa takardun ƙasarsu, ya zo da katin rigakafin shawara, ya nemi maganin kariya daga masassara in da damina zai zo, da rigakafin sanƙarau in da bazara ne, ya riƙo maganin ciwonsa da zai wuce kwanakin da ya ɗiba, ya adana kowace takardar asibiti. Sannan ya gaya wa ɗan'uwa guda inda kuɗin jinyarsa yake, tun yana da bakin faɗa.

Wanda ya yi haka ya zo wa mahaifiyarsa da farin ciki tsantsa, ya koma ya bar gonar gado inda ya same ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da matafiyanmu gida cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya daidaita tsakanin ƴan'uwa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Wallahu a'alamu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.